Ragar Baba Kuku

Daga zangon Kumasi aka kawo ni Nima, wata unguwa a birnin Ankara, ba da jimawa ba bayan ƙasar ta karɓi mulkin kanta. Gidan mijina yana kan gangaren da ke kallon babbar kwatar da ta raba mu da Maamobi: ginin laka, rufin kwano, ɗakuna a jere, da 'yar tsakar gida wadda igiyar shanya ta cinye rabinta. Mijina direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Ankara da arewa, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Don haka da uwarsa na yi zaman amarci, wadda kowa a layin ke kira Mma.

Koko da ƙosai Mma take sayarwa a ƙofar gida. A Salaga aka haife ta, Hausarta kuwa irin ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji, kowa da komai namiji ne a bakinta. In ranta ya ɓaci sai ta zarce cikin yaren Ga ba tare da ta lura ba. Tana da kurfoti biyu, wato murhun ƙarfe na gawayi, babba na suyar ƙosai, ƙarami na ɗumama ruwa. Ni nake surfa wake, in kai markaɗe, in tace gasara, da gari ya waye kuma in tsaya kan kasko ina juya ƙosai.

Surukina ban san shi sosai ba a lokacin. Kuku ne a gidan wani Bature a unguwar Turawa, can yake kwana a ɗakin ma'aikata. Ranar Juma'a kawai muke ganinsa: ya biyo daga masallaci, ya zauna a kujerar katako, a zo a gaishe shi, ya tashi kafin la'asar don ya je ya ɗora abincin dare. Mutumin ƙasar Katsina ne. Yana saurayi ya biyo fataken shanu da ƙafa har bakin teku, ya fara da wanke-wanke a kicin ɗin Turawa, a hankali ya zama kuku. Ya ratsa hannun Turawa da dama, domin in wannan zai tafi sai ya miƙa shi ga wanda ya gaje shi a gidan. Unguwa na kiransa Baba Kuku. Mma na ce masa Malam, sai in sun saɓa ta ce Kuku.

Baturen ƙarshe da ya tafi bai bar magaji ba. Wata rana da hantsi sai ga Baba da ɗan dako a bayansa ɗauke da akwatin ƙarfe. Da Mma ta buɗe don ta shanya kayan, muka ga fararen riguna masu sitaci, da wata doguwar wuƙa mai haƙora kamar zarto, da ragar waya mai mariƙi wadda ake buɗewa a rufe kamar littafi, da wani ɗan ƙarfe mai tsage-tsage da muka kasa gane amfaninsa. Matar Baturen ce ta ce ya ɗauka.

Makonnin farko sun yi masa tsawo. Jikinsa ya saba tashi tun kafin assalatu, sai ya yi wanka ya sa kaya, ya je masallaci ya dawo, ya zauna ba abin yi. Bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. 'Yan hayan da ke gidan suna rage murya in za su gifta ta gabansa, kamar baƙo ne ya sauka. Mma kan aiko ni da koko a ƙwarya mafi kyau, da ƙosai mai zafi, ya ce in ajiye, ya ɗan kurɓa ya ture. Bai taɓa cewa ba daɗi ba. Da na tambaye shi ko a ƙara sukari, sai ya ce, "A'a, Amarya. Cikina ne ya saba da shayi."

Na faɗa wa Mma. Ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Duk Nima yana shan koko na. Shi ɗaya ne cikinsa ya je Ingila."

Wata safiya na fito da ƙullun ƙosai na tarar da shi tsugune a gaban ƙaramin kurfoti, ya sauke tukunyar ruwan zafi a ƙasa. Ashe tun jiya da yamma ya taka har Adabraka, wurin wata mata 'yar Fante da ya daɗe yana sayen burodin gidan Bature a hannunta, ya sayo guda ya naɗe a tsumma ya bar shi ya kwana. Ya baje garwashi yana jira. Mma na tsaye a kansa da matsami a hannu.

Ta ce, "Malam, wannan wuta nawa ne."

"Na sani. Aro nake yi."

"Namiji a murhu, a ƙofar gida, mutane yana wucewa?"

"Tun kafin in aure ki nake murhu. Da me aka rufa gidan nan?"

"Wancan murhun Bature ne. A can ba wanda ya gan ka."

Ya yanka burodin, ya sa a raga ya rufe, ya riƙe a kan garwashi. Wani ƙanshi ya tashi wanda layinmu bai saba da shi ba, ya ratsa ƙaurin mai da warin kwata. Da ya gasu sai ya jera yankan a tsaye cikin ɗan ƙarfen nan mai tsage-tsage, a nan muka gane abin da aka yi shi dominsa. Ya shafa bota daga wani ƙaramin gwangwani da ya tsoma a kwanon ruwa don kada ta narke, ya haɗa shayinsa, ya ci a hankali yana kallon hanya. Ranar ce na fara ganin ya cinye karin kumallo a gidansa.

Masu gadi ne suka fara tsayawa. Da yawansu a unguwar Turawa suke kwana aiki, da sassafe suke biyowa ta layinmu da sanda da bargo a kafaɗa. Sun san ƙanshin nan daga tagogin kicin, sai dai ba su taɓa ci ba. Wani tsohon soja a cikinsu, wanda ya yi gadi a gidan da Baba ya yi girki, ya zauna a kan dutse ya ce, "Kuku, na daɗe ina shaƙar abin nan ta bayan taga. Yau dai a ba ni in ji." Baba ya gasa masa. Washegari ya jawo abokansa. Ba a jima ba Baba ya sa kafinta ya haɗa masa tebur da benci, ya sayi kurfotinsa da babbar butar shayi, ya mayar wa Mma da nata.

Tos yake kiran abin, kuma a wurinsa ba a sa masa komai sai bota. Wanda ya matsa, a ƙara masa jam mai ɗaci-ɗaci wanda Baba ke dafawa da kansa da ɓawon lemo da sukari. Shi ke nan. Mutanen Nima kuwa ba su saba a gaya musu yadda za su ci abinsu ba. Wannan ya ce a tsiyaya masa madarar gwangwani mai kauri, wancan ya zaro kifin gwangwani daga aljihu. Wata mai sayar da kifi 'yar Ga ta zo da shitonta a kwalba, wato soyayyen barkono da busasshen kifi. Amsar Baba ɗaya ce: "Ba a yi." In an tambaye shi wa ya hana, sai ya sake cewa ba a yi. Wasu su ci da bota su yi shiru, wasu su karɓa su tafi da shi su yi yadda suka ga dama, wannan kuwa bai dame shi ba tunda ba a idonsa aka yi ba.

Rigimar ta taso ne daga wani Bazabarme ɗan dako, ƙato mai yawan dariya, da ke aiki a tashar Tudu. Ya karɓi yanka biyu a wurin Baba, ya taka zuwa kaskon Mma ya sayi ƙosai, ya jera a tsakiya, ya barbaɗa yaji, ya danne da tafin hannu har mai ya tsattsafo. Ya tsaya a nan gaban kowa yana ci.

Baba ya ajiye raga ya ce, "Kai, me ka yi haka?"

"Baba, shi kaɗai ba ya riƙe ciki. Buhu zan yi ta ɗauka har azahar."

"To gobe kada ka zo wurina."

Mma ta ce daga inda take, ko juyowa ba ta yi ba, "Ya saya, nasa ne. In ya so ya jefa a kwata."

Washegari Bazabarmen ya aiko abokinsa ya sayo masa, ya ci a gaban kaskon Mma yana dariya. Daga nan duk wanda ya zo wurinta da tos a hannu sai ta tambaye shi, "A sa a ciki?" Masu cewa a sa sun fi yawa. Baba ya ja teburinsa zuwa ɗaya gefen ƙofa, ya juya wa kasko baya. Suka daina magana da safe, ni na zama 'yar aike a tsakani.

"Amarya, ce wa uwarki hayaƙinta yana shiga burodina."

"Ce wa Kuku iska ba nawa ba ne."

Da yamma kuwa, in an shiga gida, ta kai masa tuwo ya ci, su yi zancen kwanon da ke yoyo da na dangin da ke Sabon Zongo, kamar ba su ba. Ban taɓa jin an shigo da maganar ƙosai cikin gida ba.

Ana cikin haka na samu ciki na fari. Ƙaurin man suya ya zame mini masifa, da na tsaya kan kasko sai zuciyata ta tashi in ruga bayan gida. Mma ta gane tun kafin ni. Ta jiƙa mini saiwoyi, ta matsa mini lemon tsami a koko, ba abin da ya zauna. Na rame har zanina yana kwancewa. Ba maganar Baba ba ce, da ya yi ta, da na rasa inda zan sa fuskata.

Wata safiya na buɗe ƙofar ɗakina na ga faranti rufe da faifai. A ciki burodi ne sala-sala, siriri har haske na ratsa shi, ya bushe ƙarau ya ɗan lanƙwashe, ba bota ba komai. Na gutsuri kaɗan don kada in mayar da kyautar suruki yadda ta zo. Ba wari, ba maiƙo, sai ƙurus-ƙurus a baki. Na jira amai ya taso, bai taso ba. Na cinye sauran ina zaune a bakin gado. Daga ranar kullum zan tarar da faranti, bayan an kwana biyu kuma aka fara ɗiga zuma kaɗan a gefe. In na wanke farantin sai in ajiye a kan teburinsa in ce, "Baba, an gode." Ya ce, "To," yana hura wuta.

Mma ta ɗaga faifan wata rana, ta ɗauki guda ta tauna, ta ce, "Kamar mutum yana cin kwali." Amma ta ga na fara tsayawa da ƙafata. Sai ta ce mini, "Daga yau ka bar kasko. Ka je wajen Kuku, can ba mai." Ta samo wata 'yar'uwarta daga Maamobi ta riƙe suya, ni kuma na koma ɗaya gefen ƙofa.

Ba ya kallona in yana koya mini. Da wuta yake magana, ni ina saurare. Ya ce harshen wuta ba ya gasa burodi, baƙi kawai yake shafa masa, sai an jira garwashi ya yi farar toka a baje shi daidai. A ɗora tafin hannu a sama: in an janye kafin a ƙarasa bisimilla, wuta ta yi yawa. Burodi kuwa na jiya ake so. Sabo yana da ruwa a ciki, waje ya ƙone ciki ya zama danƙo. Burodin sukari, wanda yara suka fi so, ba ya sayensa ko kaɗan, ya ce sukarin kan ƙone tun burodin bai ji wuta ba. Nasa shi ne dogon nan mara zaƙi da ake kira burodin shayi. Kaurin yanka kamar ƙaramin yatsa, kuma ba a danna wuƙa, jan ta ake yi gaba da baya ta shiga da kanta. Sau ɗaya ake juya raga. In an sauke ba a kwantar da shi a faranti, don zai yi gumi ya saki, shi ya sa ake tsayar da shi ya sha iska kaɗan kafin a shafa bota, kuma a kai ta har gefe, kada a tara a tsakiya.

Na ƙona da yawa. Na farko da na ƙona na ɗauki wuƙa zan kankare, ya miƙo hannu ya karɓa ya wurga wa kaji. Ya ce a gidan da ya fara aiki, in aka ji ƙarar kankara daga kicin an san kuku ya yi barci. Bai yi faɗa ba, ya yanka wani ya ba ni.

Sirirtaccen nan da ya riƙe ni shi ma ya nuna mini. Ana gasa yanka kamar kullum, tun yana da zafi a kwantar da shi a tsaga shi ta tsakiya ya zama biyu, a mayar da ɗanyen gefen kan wuta daga nesa har ya bushe. Ya ce a wurin wata Baturiya ya koya, wadda ba ta jin daɗin jikinta da safe. Iyakar abin da ya taɓa faɗi kenan a kan lamarin. Akwai kuma na kasko, wanda ake yi da burodin da ya kwana biyu ya yi tauri: a kaɗa ƙwai da madara a tsoma shi ya sha, a soya da bota, a barbaɗa sukari. Wannan ba ya sayarwa, ran Salla kawai yake yi wa yaran gida. Ya ambaci wani da ake soyawa a kitsen naman aladen nan da Turawa ke ci da ƙwai, ya ce shi ya baro shi can, da dogon cokali ya yi ta yinsa shekara da shekaru, ba ya so a tuna masa.

Na haifi mace. Bayan na gama wanka ban koma kasko ba, Mma ma ba ta neme ni ba. Haka muka yi shekaru, su biyu kowa da gefensa, masu saye na kai da komo a tsakani. Baba ya daina korar kowa, amma bai daina juya baya ba.

Sai shekarun da kaya suka yi wuya a kantuna suka zo. Bota ce ta fara ɓacewa, sannan madara, sukari kuma sai an yi layi. Baba kan sa hula ya tafi Adabraka, ya zaga Tudu, ya bi ta Zongo Lane yana tambaya, ya dawo da gumi hannu wofi. Majarin, mai kama da bota, da ake samu jefi-jefi ya ce kyandir ne aka narka. Ya gwada man shanu daga wurin Fulani, ya shinshina ya ce na tuwo ne, ba ya tafiya da shayi. Burodin kansa ya ƙanƙance, masu tanderu suna haɗa fulawa da garin masara, in an ja wuƙa sai ya marmashe. Wata safiya ya gasa ya miƙa wa mutane haka nan busasshe, ya ga yadda suke juya shi a hannu, washegari bai fito da tebur ba.

Da yamma Mma ta ce masa, wannan ne karo na farko da na ji ta shigo da zancen cikin gida, "Malam, gyaɗa yana nan cike da kasuwa. A niƙa a shafa."

Ya ce, "Gyaɗa ta miya ce."

Tsohon sojan nan mai gadi shi ya kawo labarin cewa wani babban ma'aikacin gwamnati, ɗan ƙasa, ya tare a ɗaya daga gidajen da Turawa suka bari, yana neman kukun da ya yi aiki da Turawa. Baba ya fito da fararen rigunansa, na wanke na sa sitaci na goge. Sun yi masa ɗan yawa. Ya ɗauki wuƙarsa, ragar kuwa ya rataye ta a ƙusa ya ce mini, "Amarya, in bota ta dawo ki fitar da tebur." Ya tafi da ƙafa, akwatin ya biyo shi daga baya.

Bota ba ta dawo ba, amma kwana kaɗan da tafiyarsa Mma ta sa aka ɗauko teburin aka haɗa shi da nata. Ba ta yi shawara da ni ba. Ta soya gyaɗa ta kai niƙa, ta zuba a kwano ta ajiye kusa da kurfoti, ta ce in hura wuta. Na gasa yadda aka koya mini, abin da za a sa kuwa mai saye ke faɗa. 'Yan dako ƙosai da yaji suke so, ba su canza ba. Masu gadi sun fi son gyaɗa, wasu da ɗan gishiri, wasu da zuma in akwai. Lokacin fiya, wadda a nan ake kira paya, sai in murƙushe ta da cokali in sa gishiri da barkono kaɗan, wannan akawuna da maɗinka suka fi saye, suna ci a tsaye suna kare rigunansu. Mai kifin nan ta kawo mana shito muka riƙa haɗawa da dafaffen ƙwai. Wata Bafulatana mai wagashi, wato cukun madara, ta ce mu soya nata mu ɗora, muka gwada, bai karɓu ba, yana zamewa ya faɗi ƙasa. Na lura cewa abu mai laima yana son yanka mai kauri da ya gasu sosai, in ba haka ba kafin a kai baki ya jiƙe, gyaɗa kuma in an shafa da zafi sai ta saki mai ta bi hannu, gara a jira ya huce. Wannan ba wanda ya koya mini. Mutane sun ƙaru, har muka ƙara benci.

Baba bai zo ran Juma'a ba kamar da, sabon gidan ba su san da wannan al'ada ba. Damina ta wuce. Wata rana da la'asar sai ga shi da akwatinsa. Ba korarsa aka yi ba, shi ya ce a sallame shi. Bayan ya ci tuwo Mma ta tambaye shi me ya faru, ina daga gefe ina tsince wake.

Ya ce mutanen kirki ne, ba su taɓa ɗaga masa murya ba. Amma a kan teburin cin abinci akwai wata na'urar lantarki, a zura burodi a danna, in ya gasu ya yi tsalle ya fito, uwargidan da kanta take yi tana hira. Maigidan ma da safe dokunu, tuwon masara mai tsami, da kifi yake ci. Da rana fufu ake kirɓawa da miyar kwakwa, akwai wata 'yar'uwar uwargidan da ta fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Shi aikinsa sai in an yi baƙi, ya sa fararen kaya ya tsaya a bayan kujeru.

"Sauran kwanaki fa?"

"Ina zaune a bayan kicin."

Mma ta ce, "Zama kam akwai shi a nan."

Da safe ya fito ya ga tebur biyu a haɗe, da kwanon gyaɗa, da kwalbar shito, da ragarsa a hannuna. Ya tsaya ya kalla. Masu gadi suka yi masa maraba, ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙarshen benci. Can ya ɗauki yanka guda daga waɗanda na tara, ya ɗaga sama ya duba, ya ce, "Amarya, da me kike yanka wannan, da gatari?" Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙarsa.

Daga nan yanka ya zama aikinsa. Ko burodin nan mai marmashewa in ya ja shi sai ya fito daidai. Ragar bai sake karɓa ba, ko da bota ta dawo kantuna daga baya. Mun riƙa ajiye gwangwani guda don masu so, shi kuma in na gasa masa nasa ya shafa da kansa. Ban taɓa ganin ya ci da gyaɗa ba. Mma ta ce yana ci a ɗaki. Ban sani ba.

Idonsa ya fara yin hazo, ya koma yanka da lalube, yatsunsa na auna kauri. A lokacin ne ya fara zancen gida. Wani daga cikin fataken shanu ya gaya masa ƙanensa yana nan da rai a ƙauyensu, ya tsufa, yana tambayarsa. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce wa Mma su tafi tare.

Ta ce, "In je in yi me? Ban san kowa ba. Hausa na ma dariya za su yi."

"Za ki saba."

"Kai ka je ka gani. In ka gaji ka dawo, ɗaki yana nan."

Ba su ja maganar ba. Ta ɗinka masa riguna, ta saya masa bargo da goro. Mijina ya ɗauke shi a gaban mota har Bawku, ya haɗa shi da wasu masu tafiya gabas. Ya tafi don kansa, tun kafin shekarar da aka sa baƙi da yawa barin ƙasar.

Bayan kamar shekara wani mai fataucin goro ya biyo ya ce ya gan shi. Yana zaune lafiya a ƙofar gidan ƙanen nasa, kullum suna gardama a kan wata tsamiya da Baba ya rantse tana gabas da rijiya tun suna yara, ƙanen ya ce ba a taɓa yin tsamiya a wurin ba. Mma ta tambaya ko yana zuwa masallaci da kansa. Mutumin ya ce akwai mai jan sa. Ta ba shi saƙon sabulu da turare ya kai.

Ya yi wasu shekaru a can. Da labarin rasuwarsa ya iso Mma ta shiga takaba, ni da 'yar'uwarta muka riƙe sana'ar ƙofar gida har ta fita. Ta koma kan kaskonta. A wannan shekarar mijina ya samu fili a Maamobi ya yi ɗakuna biyu, muka tashi da yara, na koma sayar da atamfa a cikin gida.